Ruwan Ba Ya Zuwa Sai Ka Taka Gada

Kwanan baya wasu samari suka zo mini shago suna tambaya ko zan sayar musu da tsohuwar talabijin ɗina, wai gidan gem za su buɗe a Tudun Wada. Na tambaye su wa ya koya musu aikin. Ɗayansu ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai wannan ba sai an koya ba. Ka jona wuta, ka zauna, yara su kawo kansu." Ban sayar musu ba. Amma tun da suka tafi maganar take cin raina, shi ya sa na zauna rubuta wannan, don su da ire-irensu.

Aikin farko da aka ba ni a gidan gem shi ne wanke faifai. Maigidanmu Ɗanjuma, Allah ya ji ƙansa, shi ya fara kawo na'urar gem Tudun Wada, a cikin kwalin taliya ya ɗauro ta bayan babur tun daga Kano. Mu biyu ya ɗauka yaran shago, ni Hamisu daga Bebeji, da Sabi'u mutumin Badafi, sa'ana. Faifan da yara suka karce, ana ɗiga masa man goge baki ne, a murza da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki. Ka murza shi a zagaye, ka ƙarasa kashe shi. Ɗanjuma ba ya faɗar magana sau biyu, ta biyun da ranƙwashi take zuwa. Daga nan sai goge idon na'ura, ɗan gilashin nan da ke karanta faifai, da auduga da sifirit, ba a so hannu ya yi rawa. In idon ya tsufa, akwai dabarar kifa na'urar ko jingina ta da bango a karkace, ta ƙara maka 'yan watanni. Sai fad, wato abin da mai wasa ke riƙewa yana dannawa. Yaranmu hannun fartanya gare su, robar ciki ba ta daɗewa a ƙarƙashin babban yatsansu. Mukan yanko tsohon tiyub na keke mu yi mata faci, mu liƙa 'yar takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari don ta riƙa kama wuta.

Janareto kuwa da kunne ake riƙe shi. Kana hira da mutum, kana ba yaro canji, amma rabin hankalinka yana bayan shago. Akwai wani ɗan tari da yake yi in mai ya kusa ƙarewa, daga nan sai ya ja numfashi ya zuga wuta da ƙarfi. Tsakanin tarin da zugawar nan ne za ka yi tsalle ka zare waya daga bango. In ka tsaya neman takalmi, warin ƙonanniyar roba ne zai gaya maka sauran.

Duk wannan mutum mai natsuwa zai iya koyonsa cikin damina da rani. Abin da ba a koyarwa shi ne abin da Allah ya raba mana ni da Sabi'u, kuma gara in faɗa tun yanzu, tunda ba ɓoyayyen abu ba ne a nan Kwanar Dangora, inda muke zaune yanzu: ina kishin Sabi'u tun muna samari, har yau ban daina ba. Shi hannu aka ba shi. In ya riƙe fad ba ya ko kallon yatsunsa, yana tauna aya yana lallasa duk wanda aka kawo masa daga Doguwa har Kiru. Yara sukan biya kuɗi don kawai ya doke su, su koma gida suna ba da labari. Ni kuwa in na riƙe, mutumin da nake tuƙawa a cikin gem bango yake nema ya yi ta karo da shi. Amma ka ce wa Sabi'u ya ba ka labarin abin da ya faru a kasuwa jiya, sai ya ce an ci kasuwa, ya gama ke nan. Ni baki aka ba ni.

Gem iri biyu ne a wurinmu. Akwai na ƙwallo da na dambe, waɗanda ba sa bukatar magana. Akwai kuma mai labari, wanda kana cikin wasa sai ya karɓe iko daga hannunka ya nuna maka ɗan fim, mutanen ciki su yi ta surutu da Turanci ko wani yaren da ba wanda ya taɓa ji. Sabi'u da zarar fim ya fara sai ya danna ya tsallake. Ni kuwa sai in tsaya ina ƙunƙuni, ina maimaita abin da nake zaton suna faɗa. Ɗanjuma ya kama ni rannan, na zaci ranƙwashi ne, sai ya jawo kujera ya ajiye gefen talabijin ya ce in ɗaga murya. Turancina na wanda ya tsaya a aji uku na sakandare ne, don haka rabin fassarar daga fuskokinsu nake karantowa. Mutum in yana roƙo, ko da wane yare ne, an san roƙo yake.

A kan kujerar nan na gano ainihin wahalar sana'ar. Gem mai labari kamar mutum biyu ne suka yi shi, mai tsara labari da mai tsara wasa, kuma ga dukkan alamu ba sa ga maciji da juna. Mai labari zai ce maka jarumin nan mutumin kirki ne, ko kaza bai iya yankawa ba, ƙanwarsa kawai yake nema. Kana karɓar fad sai mai wasa ya sa ka hallaka mutanen da suka fi 'yan kasuwar Kwana yawa, ka shiga gidan tsohuwa ba sallama ka farfasa mata tukwane kana neman kwabbai, ita kuma tana tsaye tana yi maka murmushi. Za a harbi jarumin har jini ya rufe talabijin, ya ci burodi ɗaya ya miƙe garau. Can a cikin fim kibiya guda ta sami abokinsa, sai a zauna ana kuka, ga burodin nan cike da jaka. Wannan rata ita muke ce wa ɓaraka, kuma aikina shi ne in ɗinke ta kafin wani ya gani.

Mutanenmu kuwa suna gani. Yaro ba ruwansa, shi dai ya harba. Amma magidancin da ya tsaya bakin ƙofa yana leƙe, shi ne abin tsoro. Akwai wani mai rake a Kwana, Tasi'u, wanda ya addabe ni bayan na koma can. Abokin jarumi yana shure-shure a ƙasa, ina tsaka da zuba wasiyyarsa, sai Tasi'u ya cire rake daga baki ya ce, "To ya ba shi burodin mana!" Nan take na ce ai kibiyar mai dafi ce, irin dafin da in an ci abinci a kansa ya fi gudu a jiki. Tasi'u ya gyaɗa kai ya ce ƙwarai, kakansa ma ya san irinsa a duwatsun Doguwa. Tsohuwa mai tukwane na ce kakar jarumin ce, wasan jika ne suke yi, gobe zai sayo mata sababbi. Da jarumin ya zo ɗauke da bindigar da ke tarwatsa mota amma 'yar ƙofar katako ta tsayar da shi, sai na ce gidan surukansa ne, kunya ce ta hana shi. Ba ka da lokacin tunani, kuma ƙaryar da ka yi yau dole ka tuna da ita mako mai zuwa, don Tasi'u ba ya mantuwa.

Da Ɗanjuma ya yaye mu, ya ba kowa na'ura ɗaya da tsohuwar talabijin mai ƙaton baya. Ni na fara zuwa Kwanar Dangora, don nan ne mutane ke zaman jiran mota ba su da abin yi. Ban gama kafa benci ba sai ga Sabi'u da kayansa. Duk faɗin Kwana bai ga shago ba sai wanda ke kallon nawa, titi ne kawai tsakaninmu. Ya ce shi kaɗai ya samu babu kowa, kuma wataƙila gaskiya ne, amma ban yarda ba. Yara suka tafi wurinsa, kullum ihu ake ana cin ƙwallo. Ni na samu direbobi da 'yan kamasho da fatake masu jiran kaya. Nakan ɗora fad a hannun wani saurayi mai ɗan ƙwarewa, ni ina gefe ina magana. Shagonsa ya fi cika, nawa ya fi shiru, kuma na lallashi kaina da cewa shirun nan ya fi ihun daraja.

Baba Ilu inuwa ce ta kawo shi. Masunci ne daga wajen Tiga, dattijo dogo mai furfura, yana kawo bandar kifi ran kasuwa, in ya sayar ya zo ya jira motar komawa. Rannan ya ajiye kwandonsa a rumfata, ya yi sallama, na ba shi benci. A ciki kuwa ana wani gem da na fi ƙauna. Farkonsa wani ɗan ƙauye ne a bakin kogi. Ɗan aiken sarki ya zo ya ce gobe da asuba za a saki ruwa, kowa ya kwashe nasa ya nasa. Jarumi zai je ya ɗauko uwarsa, ya ruga ya haye gada. Yana taka gadar sai fim ya fara, ruwa ya zo ya shanye garin, ya bar kan hasumiya kaɗai. Wannan wurin shi ne gwanintata. Nakan rage murya har sai mutane sun matso, in lissafa abin da ruwan ya fara ci da abin da ya bari na ƙarshe. Na sha ganin ɗan kamasho ya bar motarsa ta cika ba da saninsa ba.

Da na gama ranar, sai na ji murya daga baya. "Haka aka yi," in ji Baba Ilu. "Sai dai mu ba gada muka bi ba, a tifa aka kwashe mu."

Ashe yana saurayi aka tashe su lokacin da aka yi dam ɗin Tiga, garinsu yana ƙarƙashin ruwan da yake kamun kifi a kai. Daga ranar ya zama nawa. Duk ran kasuwa sai ya zo, ya ajiye kwando, ya ce a sa masa na ruwa. In an gama, ya zauna yana gaya mini yadda nasu garin yake: rimin da ke ƙofar gabas, rijiyar da wata Delu ta mallake ba ta barin kowa ya ja sai ta gama, maƙerar da ke bayan masallaci, tsamiyar da ake yi wa yara aski a gindinta. Ya ce shekarar da rani ya yi tsanani ya taɓa ganin kan rimin ya leƙo, ya ɗaure kwalekwalensa a jiki ya yi sallar la'asar. Ni kuwa ina kwashewa ina zubawa a cikin fassarata, mako bayan mako, har garin cikin gem ya koma nasu. Kuma ku sani, dattijo mai furfura a bencin gidan gem ba ƙaramin abu ba ne. Iyaye suka rage cewa wurin 'yan iska ne. Abokansa masunta da masu noman rani na wajen Bagauda suka fara biyo shi. Nakan hango Sabi'u daga tsallake yana kallon bencina, ranar kuwa tuwo ya fi yi mini daɗi.

To amma gem ɗin nan yana da ɓarakar da ta fi kowace girma, kuma ni na san da ita tun ran farko. Labari ya ce gobe da asuba. Wasa kuwa bai san gobe ba. Rana za ta faɗi a cikin gem ta sake fitowa, ta sake faɗuwa, ka yi wata guda kana yawo a ƙauyen, ruwa ba zai motsa ba. Mai tsara wasan a jikin gada ya ɗaure shi. Don haka da zarar ɗan aike ya yi magana, sai in hau kan mai riƙe da fad da faɗa, ina cewa ya yi sauri, ruwa na tafe, ga shi can ya ci gonakin kudu. Ban taɓa barin kowa ya tsaya ko shan ruwa a garin ba. Har yau ina ganin daidai na yi, don labarin da babu tsoro a cikinsa ba labari ba ne.

Sai mummunar shekara ta zo. Fetur ya yi tashin gwauron zabo, wani lokacin ma ka zagaye Kwana da galan ba ka samu ba. Wayoyi masu gem suka cika hannun yara, wanda da yake zuwa kullum ya koma zuwa ran sallah. Kowa ya san Kwana ba za ta iya riƙe gidan gem biyu ba. Ni ban damu sosai ba, don magidanta ba sa wasa da waya, kuma ina da Baba Ilu. Ana cikin haka na sayi wani fetur a bakin titi, ashe gauraye ne. Janareto bai yi tarin da ya saba ba, kai tsaye ya zuga, na'urar ta yi hayaƙi. Na rufe shago na yi ta zirga-zirga Kano ina neman kayan gyara, makonni suka shuɗe.

Ran da na dawo da na'urar a gyare ran kasuwa ne. Ina buɗe ƙofa na waiga, sai na ga kwandon kifi a ƙofar Sabi'u. Na san kwandon, akwai jan tsumma ɗaure a bakinsa. Na yi ta maza na share shago, na kunna janareto, na ƙure murya a talabijin. Kwando bai motsa ba. Da abin ya ishe ni na tsallaka titi, wai aron sukudireba na je.

Abin da na gani ya fi ƙarfin abin da na zata. Gem ɗin ruwa ne a talabijin, amma babu mai magana. Sabi'u yana gefe yana tauna aya. Baba Ilu kuwa shi ne riƙe da fad, da hannu biyu, kamar wanda aka ba jaririn wani. Jarumin yana tafe yana tangaɗi, ya yi karo da rumbu, ya ja da baya, ya je bakin rijiya inda wata mata ke jan ruwa, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Abokansa masunta suna bayansa suna kallo. Bakina ya riga hankalina, na ce, "Baba, ruwa na tafe fa, gada tana gabas."

Ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce, "Ba ya zuwa, ɗana. Sabi'u ya ce sai an taka gada."

Tasi'u mai rake ne ya ba ni sauran labarin, yana ba ni yana jin daɗi. Wai Baba ya zo ya tarar da shagona a rufe, ya tsallaka ya tambaya ko akwai na ruwa. Sabi'u ya sa masa, ya tsallake fim kamar yadda ya saba, da ya rasa abin cewa sai kawai ya miƙa masa fad. Ni ban taɓa ba shi ba, don a ganina rashin kunya ne ka miƙa wa sa'an ubanka abin wasan yara. Tsohon ya yi ta neman gada bai samu ba, hankalinsa ya tashi da ya ga rana ta faɗi, ya ce wa Sabi'u ya karɓa kada ruwa ya cinye matar da ke bakin rijiya. Sabi'u ya ce masa ruwan ba ya zuwa sai ka taka gada. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Shekaru ina ɗinki, mutumin da bai iya haɗa magana biyu ba ya zo ya sa yatsa ya farke, kuma aka ce ya yi gwaninta.

Na tare Baba a hanyarsa ta zuwa mota, na karɓar masa kwando, na gaishe shi da kyau. Na ce na'ura ta gyaru, bencinsa yana nan, kuma ba sai ya biya komai ba. Na ce masa abin da yake yi a can ba gem ba ne, kuskuren masu haɗa shi ne. Matar bakin rijiyar nan magana ɗaya aka sa mata, ita za ta yi ta maimaitawa har tashin duniya. Ya yi dariya ya ce ai Delu ma haka take. Na ce bayan gada ne labari yake, jarumin zai yi yaƙi, zai rama, har a gina musu sabon gari.

"Mu ma an gina mana sabon gari, na gani," in ji shi. Ya karɓi kwandonsa. "Hamisu, ka iya ba da labarin ruwa, ban taɓa jin wanda ya kai ka ba. To ni a kansa nake kwana nake tashi. Shi wancan ya bar ni a gida."

Masunta suka bi shi tsallake, masu noman rani suka bi masunta. Ba wai wasa suke ba, zama kawai suke suna kallon tsoho yana yawo a garin da ba abin da ke faruwa, wani ya ce ya leƙa bayan rumbun can, wani ya ce a'a ya koma gindin bishiya. Kafin damina ta faɗi na sayar da benci biyu, na sayo allon cajin waya, daga baya na koyi gyaranta. Sana'ar da nake yi ke nan har yau. Sabi'u ya tsira da shagonsa. Kullum ran kasuwa ina zaune ina narka dalma a kan wayar wani, ina kallon jan tsumman nan a tsallaken titi.

Aikin ƙarshe da na yi a matsayin mai fassara, a shagon Sabi'u na yi shi. Shekaru sun ja, yanar ido ta kama Baba Ilu, ya daina shiga ruwa, ɗansa ne ke kawo kifi, shi kuma ya biyo shi don kawai ya zauna a bencin nan. Wata ran kasuwa da hantsi sai ga Sabi'u ya tsallako titi, abin da bai taɓa yi ba tun da muka zo Kwana. Ya tsaya bakin tebur ɗina yana sosa ƙeya.

"Baba ba ya gani," ya ce. "Ka zo ka yi magana."

Na bar shi a tsaye na gama ɗaure wayar da ke hannuna, ban yi sauri ba. A raina na ce yau dai hannu ya zo roƙon baki.

Sabi'u ne ya riƙe fad, Baba yana faɗar inda za a kai shi, ni ina gefen talabijin. Da farko na fara faɗar abin da ke ciki, gidajen katako masu tsinin rufi da wata gona mai furanni. Baba ya girgiza kai ya ce ba nan ba ne. Sai na bar kallon talabijin. Na ce ga mu a gindin rimi, tattabaru sun cika shi. Na ce Delu tana bakin rijiya, mata uku suna jira sun ɓata rai. Na ce ana jin guduma daga maƙera, an kawo garma gyara. Ya ce ba garma ba, lokacin girbi ne, lauje ne. Na ce lauje ne. Ku da kuke cewa aikin nan zama ne kawai, ku gwada yin magana tun hantsi har azahar a kan garin da ba wanda ya mutu, ba wanda ya gudu, ba abin da ke tafe, kuma kada mai sauraro ya gaji. Ban taɓa yin aiki mai wuya kamarsa ba, ban kuma taɓa yin wanda ya kai shi kyau ba. Haka muka yi duk ran kasuwa har ranin ya ƙare. In mun tashi, Baba ya lalubo kafaɗar Sabi'u ya dafa ya miƙe, ya sa masa albarka, ni kuma ya ce mini sannu da ƙoƙari.

A zuwansa na ƙarshe, bayan mun zaga gari, sai ya ce, "Sabi'u, kai ni gada."

Murna ta kama ni. Shekara da shekaru ban ba da labarin ruwan nan ba, kuma yana nan a bakina, ko kalma ɗaya ba ta zube ba. Na gyara zama, na share murya. Sabi'u ya tuƙa jarumin a hankali ya bi ta ƙofar gabas, ya gangara, har katakon farko na gadar ya bayyana a gaban ƙafarsa. Taki ɗaya ya rage.

"Tsaya nan," in ji Baba. "Juya shi. Hamisu, me kake gani?"

Na haɗiye abin da ke bakina. Na ce ina ganin gari gaba ɗaya, hayaƙi yana tashi daga gidaje, an kora awaki gida, wani yaro yana gudu daga gindin tsamiya da rabin aski a kansa. Ya yi dariya har da tari, ya ce wannan ai shi ne. Sannan ya ce ya isa, a kashe. Sabi'u ya kashe. Labarin ruwan nan ban sake ba da shi ba, kuma talabijin ɗin da samarin nan suka zo saye ita ce wadda nake ba da shi a gabanta.

Bayan girbi muka ji rasuwarsa. Da aka yi sadakar arba'in, sai ga wani ɗansa da ban sani ba, babba, wanda ke zaune a Zariya, ya sauka daga mota da ƙullin kifi a hannu. Shagona ya fara shigowa, don shi ne a bakin tasha. Muka gaisa, na yi masa ta'aziyya. Ya ce mahaifinsu ya bar saƙo a kawo wa mai gem ɗin da ke kai shi gida. Na ce ai mu biyu ne, akwai mai tuƙi akwai mai magana, wanne ya ce?

"Bai faɗi suna ba," in ji shi. "Cewa ya yi wanda ya gaya masa ruwan ba ya zuwa."

Da hannuna na nuna masa shagon. Bayan la'asar Sabi'u ya tsallako da rabin kifin a naɗe cikin takardar siminti, ya ajiye a kan tebur ɗina tsakanin wayoyin mutane, ya ce, "Kifi." Ya juya ya koma. Na so in mayar masa, ban mayar ba. Tarwaɗa ce mai kitse, ta sha hayaƙi daidai, ban taɓa cin irinta ba, wannan ma haushi ya ƙara ba ni.